Ɓargo ne masaƙar jini: abin da mai sayen rago ya kamata ya duba

A kasuwannin bisashe na jihar Tawa, daga Tunfafi kusa da Madawa zuwa Badagishiri, har su Buza da Keita da Tabotaki, salon sayen rago ɗaya ne. A latsa gadon baya, a taɓa gindin wutsiya, a buɗe baki a ƙirga haƙora, sai ciniki. Da wuya ka ga wanda ya ja fatar idon bisa ya leƙa. Alhali nan ne wuri mafi sauƙi da mai saye zai gane ko akwai jini a jikinta, kuma bisar da ba ta da jini ba ta ƙiba, ko buhu nawa na dusa ta ci.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka zuciya ce ke yin jini. Zuciya turawa kawai take yi. Sa'ad da ɗan bisa ke cikin uwarsa, hanta da saifa ne ke riƙe da aikin. Bayan haihuwa sai ya koma cikin ƙashi, ga ɓargo. Wani likita Bajamushe, Ernst Neumann, shi ya bayyana haka a shekara ta 1868. Rundawa kuwa kullum suna ganin shaidar abin a kan teburinsu. In suka fasa ƙashin ɗan rago, ɓargon ja ne, domin kusan kowane ƙashi nasa yana saƙa jini. Na tsohon sa fari ne ko rawaya, ya zama kitse, shi ne wanda yara ke faɗa a kansa a kwanon romo. A babbar bisa jan ɓargo mai aiki ya rage ne a haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙashin ƙirji, da na ƙugu, da kawunan dogayen ƙasusuwa.

Cikin jan ɓargon nan akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira uwayen ƙwayoyi. Uwa ɗaya takan rabu biyu: ɗaya ta zauna uwa, ɗaya ta kama hanyar girma. Daga nan ne ake samun fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da ƴan gutsattsarin da ke daskarar da jini in an ji rauni, da jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina cikin jiki.

Jajayen ne suka fi shafar aljihunmu. Ƙwayar takan fara da girma, ta yi ta rabuwa tana ƙanƙancewa, tana cika cikinta da jan sinadarin da ke kama iska, wanda ba ya haɗuwa sai da sinadarin ƙarfe da abinci mai gina jiki. A ƙarshe sai ta tofar da cibiyarta, ta fito cikin jijiya. Duk wannan kusan sati ɗaya ne. Ta kaza da ta zabo ba sa zubar da cibiyar. Ta raƙumi kuwa tana zubarwa, amma siffarta kamar ƙwai take, ta saba da ta sauran bisashe. Kuma ba ta dawwama: ta saniya takan yi kusan wata 5, ta akuya kusan wata 4, ta kaza wata 1 ko da ƴan kwanaki. Wadda ta tsufa saifa ta kama ta ta farfasa, a maida ƙarfenta ga ɓargo a sake aiki da shi. In jini ya ragu, ƙoda ce ke aika saƙo ga ɓargo cewa a ƙara hannu.

To, ɓargo yana jin saƙon, amma ƙarfinsa yana da iyaka. Babban ɓarawon jinin tumaki da awaki da damana wata siririyar tsutsa ce mai zama a cikin tumbi na huɗu. Tsutsa 1.000 suna iya shanye mililita 50 a rana, kwatankwacin ƙaramin kofin shayi. Ragon da ya kai kilo 30 jininsa duka bai wuce lita 2 da kaɗan ba. Ku yi lissafi da kanku. Ga kaska a waje, ga tsutsar hanta ga bisashen da ke kiwo a bakin tabkuna da fadamu. Ɓargo ya yi ta zubawa, ana yi masa yoyo, har ƙarfen jiki ya ƙare. Daga nan sai ka ga rago ya rage a bayan garke, yana haki, ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura da ruwa. Wasu dillalai kan ce maka wai ƙiba ce ta fara. Ba ƙiba ba ce.

Yunwa ma tana da tata alamar. In rani ya yi tsawo bisa ta cinye kitsen jikinta, kitsen ɓargo ne na ƙarshe da take taɓawa. Sai ɓargon ya koma ruwa-ruwa, mai yauƙi, ba maiƙo. Waɗanda suka yanka shanu a farin 2010 ba su manta ba. Uwar tuwo da ta sayi irin wannan ƙashi za ta dafa har itace ya ƙare, miya ba ta yi ido ba.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu ta albasa, daga Galmi zuwa Madawa da fadamun Keita. Lokacin da albasa ta yi araha ko ta fara ruɓewa a rudu, wasu kan zuba wa bisashe don kada a yi asara. Albasa tana da sinadarin da ke farfasa jajayen ƙwayoyi kafin su tsufa. Shanu ne suka fi jin jiki. Tumaki da awaki sun fi juriya, amma su ma in ta yi yawa tana kama su. Alamarta fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, da kasala. A janye albasar nan take, a kira ma'aikacin kiwo.

Dubarar leƙa ido ba tatsuniya ba ce. A Afirka ta Kudu ne likitocin bisashe suka tsara ta a shekarun 1990, da kati mai launi 5 da ake kira FAMACHA. Ko ba kati, a cikin hasken rana, ja fatar idon ta ƙasa da ɗan yatsa. Ja sosai, lafiya lau. Ja-ja mai haske, a yi hattara. Fari kamar takarda, ko dai ka bar shi, ko ka rage kuɗi sosai, ka san jinya ka saya.

Mata masu ɗaukar kuɗin asusu su turke rago don sallar layya, ku wannan ya fi shafa. In idon ya koɗe, maganin tsutsa ne farko, daga hannun ma'aikacin kiwo, gwargwadon nauyin ragon, ba rabin ƙwaya daga tebur ɗin bakin tasha ba. Ku tambaye shi kwana nawa za a jira kafin yanka, kuma ku gaya masa in tunkiya ce mai sabon ciki. Bayan haka harawa, da dusa, da ƴaƴan gawo, da gishirin lasa. Ɓargo yakan fara fitar da sababbin ƙwayoyi cikin ƴan kwanaki, amma cika jinin da aka rasa yakan wuce wata 1, kuma sai ya cika ne nama ke fara zama. Wadda ta sayi rago mai farin ido saura sati 3 salla, da rama za ta mayar da shi kasuwa, ga bashin asusu yana jira ranar zubi.