Nisan Sakkwato da Kano ta Sama, da Lissafin Tafiyar Mutumin Abare

Sau da yawa talakawa sukan zo wurin hakimi ko malaminsa neman shawara, musamman in za a kai majiyyaci babban asibitin Kano: shin a bi mota, ko kuwa a nufi Sakkwato a nemi jirgin sama? Ya kamata mai ba da amsa ya san lissafin sosai, gama kuskure a nan hasarar kuɗi ce, wani lokaci har ta rai.

Jirgin sama ya daɗe a ƙasar nan. A watan Nuwamba na 1925 ne jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano, a 1936 kuwa aka fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Tun daga nan mutane suka ɗauka kome nisa jirgi ya fi sauri. Gaskiya ne, amma da sharaɗi.

Daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III a Sakkwato zuwa na Malam Aminu Kano, in an miƙe sosai, wajen mil 230 ne, watau kilomita 370. Hanyar mota kuwa, da yake sai ta ratsa Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa, ta kai kilomita 500 ko fiye. Fatake da jakuna a dā sukan yi mako biyu ko uku. Dakota, jirgi mai farfela biyu da aka yi yayi a shekarun 1950, ba ya cika mil 200 a sa'a, saboda haka nisan nan tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi ce gare shi. Jirgin zamani ba ya cika sa'a guda, ko da yake hawa da sauka sukan cinye rabin lokacin.

To, amma mutumin Abare ba a bakin fili yake kwana ba. Sai ya fito Anka tukuna, kuma da damina wannan ɗan tsakanin ma aiki ne. Wanda ya duba taswira zai ga Anka da Kano kusan layi ɗaya suke, Kano tana gabas sak, wajen kilomita 280 a miƙe. Sakkwato kuwa arewa maso yamma take, wajen kilomita 120. Ashe mai zuwa Sakkwato domin ya tashi zuwa Kano baya ya fara komawa. A ƙara da sa'a ɗaya ko biyu da ake so fasinja ya riga jirgi isa fili, domin awon kaya da duban tikiti. Jiragen fasinja na Sakkwato kuma galibi Abuja suke nufa, sai a sauka can a jira wani. Cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe fili har matuƙi ya kasa sauka, a ɗage tashi zuwa gobe.

Saboda haka in Kano ce kaɗai magana, motar da ta bar Anka da asuba ta bi Gusau ita ta fi dacewa, in hanya lafiya. Lalle ne kuwa a bincika lafiyar hanyar kafin a tashi. Maniyyaci mai zuwa Jidda shi ne ribar jirgi ta bayyana gare shi sarai, gama tafiyar da kakanninsa suka yi shekara da shekaru a ƙasa ta Cadi da Sudan, yanzu sa'a biyar ce ko ƙasa da haka. Shi ma malamin hakimi ya rubuta masa ranar da zai bar gida dabam da ranar tashin jirgi, a bar kwana ɗaya tsakani.