Farfaɗowar Garkuwar Jiki Bayan Dashen Ɓargo

Dashen ɓargo hanya ce ta musanya ƙwayoyin asali masu samar da jini a jikin majiyyaci da na wani mai lafiya. Tun daga binciken da E. Donnall Thomas ya wallafa a 1957, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1990, ake bin wannan hanya wajen magance sankarar jini, daga baya kuma aka faɗaɗa ta zuwa cutar amosanin jini. Kafin dashe, akan kashe ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, garkuwar jikinsa kuma ta rushe tare da shi. Wannan maƙala ta dubi yadda garkuwar take dawowa.

Fararen ƙwayoyin jini ba sa dawowa lokaci ɗaya. Waɗanda ake kira nutrofil, masu cinye bakteriya, su ne kan gaba, cikin mako 2 zuwa 4. Idan adadinsu ya kai 500 a kowace maikrolita ta jini kwana uku a jere, likitoci kan ce dashe ya kama. Sai dai ƙwayoyin T nau'in CD4, waɗanda ke tsara yaƙi da cuta, kan ɗauki shekara ɗaya ko fiye, haka ma ƙwayoyin B masu samar da sinadaran kariya.

Dalilin jinkirin yana ga taimos, wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji. A nan ne sababbin ƙwayoyin T suke koyon bambance jiki da baƙo. Taimos yana ƙanƙancewa da shekaru, shi ya sa yara kan riga manya farfaɗowa. Haka kuma, idan ƙwayoyin da aka dasa suka juyo suna yaƙar jikin majiyyaci, taimos na cikin gaɓoɓin da ke lalacewa, magungunan da ake ba shi don kwantar da rikicin kuma su ƙara raunana garkuwar.

Wannan ne ya sa ƙwayar cuta irin CMV, da ta daɗe kwance a jiki, take iya farkawa. Rigakafin da aka yi wa mutum tun yana yaro ma yakan gushe, dole a sake shi bayan wasu watanni, na ƙyanda kuwa sai an cika shekara 2. Saboda haka, ko an sallami majiyyaci daga asibiti, yana buƙatar kulawar likita da tsantseni wajen abinci da cuɗanya da jama'a har garkuwar ta kammala dawowa.