Kwana uku a Firenze: abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗaura kaya

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella, ya taka da ƙafa na minti goma ta cikin lunguna masu daɓen dutse, zai sha wata kwana ya yi kiciɓis da ginin da ke tsayar da baƙo cak: katafariyar majami'a mai bangon marmara fari da kore da ja-ja, a kanta ƙubbar jan bulo da ta doshi shekara 600 tana tsaye. Nan ne tsakiyar Firenze, garin da masu jin Turanci ke kira Florence, babban birnin yankin Toscana a Italiya. Ku riƙe sunan Firenze da kyau, domin shi za ku gani a jikin tikiti da allunan tasha.

Garin ba shi da girma. Mazaunansa ba su kai dubu 400 ba, kuma tsohon birnin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, ana ratsa shi da ƙafa cikin rabin awa. Wannan ƙanƙanta ce ke yaudarar baƙi. Mutum ya duba taswira ya ga komai kusa da kusa, sai ya ce zai gama da su duka cikin kwana biyu, daga ƙarshe ya koma gida da kumburarrun ƙafafu da ɗaruruwan hotuna a waya, ba tare da ya tuna abin da ya gani ba. Gajeriyar tafiya zuwa irin wannan gari tana yin daɗi ne idan kun zaɓi abubuwa kaɗan, kun yanki tikitinsu tun kuna gida, kun bar sauran lokacin don yawo a natse.

Yadda garin ya tara wannan dukiya

Arzikin Firenze daga saƙar ulu da harkar banki ya fito. A 1252 garin ya fara buga kuɗinsa na zinariya mai suna fiorino, wanda 'yan kasuwa suka amince da shi a faɗin Turai. A wancan zamani zinariyar Afirka ta Yamma, wadda ayarin raƙuma ke ƙetarawa da ita Sahara, tana cikin wadda ke isa hannun fataken Italiya. Daga cikin attajiran garin gidan Medici ne suka fi shahara. Sun mallaki banki, suka riƙe ragamar mulki, suka riƙa ɗaukar nauyin masu zane da masassaƙa da magina irin su Botticelli da Michelangelo. Sunansu ya kai har Masar: a 1487 Sarki Qaitbay ya aiko wa Lorenzo na gidan Medici kyautar raƙumin dawa, mutanen gari suka yi ta tururuwar kallonsa.

Wata mace ce ta hana dukiyar watsewa. Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a zuriyar masu mulkin gidan, ta sa hannu a wata yarjejeniya a 1737 wadda ta shar'anta cewa ba za a fitar da kayan da iyayenta suka tara daga garin ba. Saboda haka ne yau kuke iya ganinsu wuri guda.

Takardu da lokacin tafiya

Italiya tana cikin yankin Shengen, don haka mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru yana buƙatar bizar gajeren zama, wadda iyakarta kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro dubu 30, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki. Fasfo kuma dole ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fitarku daga yankin, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tashi. Ku fara da wuri, domin samun ranar ganawa ma yakan ɗauki makonni.

Game da lokaci, Afrilu da Mayu, sai kuma ƙarshen Satumba da Oktoba, su ne suka fi daɗin yawo. Garin yana cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, shi ya sa a Yuli da Agusta zafi kan haura maki 35, ga gumi ga cunkoso. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai sanyi da ruwan sama kuma rana na faɗuwa da wuri, amma layi kan ragu, kuɗin ɗaki ma ya sauko. Abu ɗaya da baƙi da yawa ke mantawa: manyan gidajen tarihi biyu, Uffizi da Accademia, ba sa buɗewa ranar Litinin. Ranar Lahadin farko ta kowane wata shiga gidajen tarihin gwamnati kyauta ne, amma ranar ce jama'a suka fi cika su.

Shiga gari da masauki

Yawancin masu zuwa daga Afirka a Roma ko Milan suke sauka. Daga Roma jirgin ƙasa mai gudu, na Trenitalia ko na Italo, yana kawo ku cikin kimanin awa ɗaya da rabi, daga Milan kuwa kamar awa biyu. Wanda ya saya da wuri ya fi samun sauƙin farashi. Idan a filin jirgin saman Firenze kuka sauka, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T2 zai kai ku tsakiyar birni cikin minti 20. Tikitin takarda na bas ko na ƙananan jiragen ƙasa sai an cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ku tara nan take, kuma baƙunci ba ya zama uzuri.

Kada ku yi hayar mota. An taƙaita shigar motoci cikin tsohon birnin, allon da ke nuna haka yana ɗauke da haruffan ZTL, kuma kyamara ce ke ɗaukar lambar duk wanda ya ƙetare. Ku nemi masauki inda za ku iya zuwa ko'ina da ƙafa. Unguwar Oltrarno, a ƙetaren kogin Arno, ta fi natsuwa da dare. Ku tambaya ko ginin yana da na'urar hawa bene, domin tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita. Akwai kuma harajin baƙi da ake biya a kan kowane mutum a kowane dare, sau da yawa daban da kuɗin ɗaki.

Yadda za ku raba kwanakin

Shirin zaune ya fi na tsaye. Wurare uku ne lallai sai kun kama musu rana da sa'a ta intanet kafin ku tashi: ƙubbar babbar majami'a, da Uffizi, da Accademia. Ku saya a shafin kowane wuri na ainihi, domin 'yan kayi-na-yi suna ninka farashi. A gidajen tarihin gwamnati yaran da ba su kai shekara 18 ba ba sa biyan kuɗin shiga.

Ranar farko ku ba babbar majami'ar, wadda kowa ke kira Duomo. An aza harsashinta a 1296, amma aka daɗe ba a san yadda za a rufe samanta ba, domin faɗin wurin ya kai mita 45. Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne, shi ya warware matsalar tsakanin 1420 da 1436. Ya gina ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya jera bulo sama da miliyan huɗu a karkace kamar ƙashin kifi yadda kowane sahu ke riƙe kansa, ba tare da an tokare ginin da katako tun daga ƙasa ba. Mai hawa ta tsakanin ƙubbobin biyu yake bi, matakala 463, hanyar matsattsiya ce har kafaɗa kan gogi bango, a wasu wuraren kuma sai an sunkuya. Kuna iya sa hannu ku shafa wannan jerin bulon. Mai ciwon zuciya ko gwiwa, ko wanda ba ya jure matsatsi, ya haƙura da hawan. Shiga cikin majami'ar kanta kyauta ne, sai dai a rufe kafaɗu da gwiwoyi, kuma Lahadi ta masu ibada ce.

Rana ta biyu ku je Uffizi da farar safiya, ana buɗewa ƙarfe 8:15. Ma'anar sunan ofisoshi, domin a 1560 aka fara gina shi don ma'aikatan gwamnati. Ɗakunansa suna da yawa ƙwarai, don haka ku ware awa uku, ku zaɓi zane goma tun kafin ku shiga. Ku nemi na wani mai zane da ake kira Gentile da Fabriano, na shekarar 1423. Idan kun matsa kusa da shi za ku ga an zagaye kawunan wasu mutanen ciki da da'irar zinariya mai rubutu kamar na Larabci. Mai zanen kwaikwayon haruffan ya yi daga tufafi da tasoshin tagulla da ake shigowa da su daga ƙasashen Musulmi, saboda darajar da suke da ita a idon mutanen zamanin.

Da la'asar ku ƙetare Ponte Vecchio, gadar da aka gina a 1345, mai shaguna a gefe da gefe. Da can mahauta ne a kanta, sai a 1593 mai mulkin garin ya tashe su saboda wari, ya zuba maƙeran zinariya, kuma har gobe su ne a wurin. Ita kaɗai ce gadar garin da sojojin Jamus ba su rusa ba lokacin da suke janyewa a 1944. Daga nan ku hau tudun Piazzale Michelangelo kafin faɗuwar rana, inda za ku ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe, kuma ba a biyan ko sisi.

Rana ta uku ta Accademia ce, inda mutum-mutumin David yake. Michelangelo ya sassaƙa shi daga dunƙulen marmara guda tsakanin 1501 da 1504, tsawonsa ya haura mita biyar. Wanda ke tsaye a dandalin Signoria kwafi ne, na ainihin an shigar da shi ciki tun 1873. Bayan nan ku wuce majami'ar Santa Croce, inda kaburburan Michelangelo da Galileo da Machiavelli suke. A bangunan unguwar za ku ga ƙananan alluna, wasu sun fi tsayin mutum nesa, masu nuna inda ruwa ya kai ranar 4 ga Nuwamba, 1966, sa'ad da kogin Arno ya yi ambaliya ya lalata dubban littattafai da zane-zane.

Abinci, ibada da abin da ido zai gani

Ya kamata a faɗa muku tun yanzu cewa yawancin zane-zanen garin labaran addinin Kirista ne, wasu kuma siffofin mutane ne babu sutura. David kansa haka yake, kuma sunan Annabi Dawuda aka ba shi. Kowa ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya yanki tikiti, musamman mai tafiya da iyali. Wanda bai natsu da su ba, garin bai ƙare masa ba. Gidan tarihin Galileo yana da kayan auna taurari, har da na malaman Larabawa. Gidan Bargello yana da ɗaki na kayan ƙira da saƙa na ƙasashen Musulmi. Lambun Boboli kuma fili ne mai faɗi na shan iska.

Naman alade yana shiga abincin Toscana da yawa. Sunansa maiale, kuma duk inda kuka ga prosciutto, salame, pancetta, guanciale, lardo ko strutto, shi ne. Wasu miyan ma da giya ake dafa su, don haka ku tambaya, matambayi ba ya ɓata. Akwai kifi, akwai taliya da tumatir, akwai ribollita, wato miyar wake da ganye da burodi, wadda ita ma sai a tambaya ko an sa mata nama. Burodin garin ba a sa masa gishiri. A kewayen tashar jirgin ƙasa da kasuwar San Lorenzo ana samun wuraren cin abinci na halal. Garin yana da al'ummar Musulmi da wuraren salla, ku nemi adireshinsu da lokutan sallar garin kafin ku tashi, domin a watan Yuni rana kan kai kusan ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba.

Kuɗi da tsare kai

A gidan abinci za ku ga an ƙara wani kuɗi mai suna coperto a kan kowane mutum. Ladan zama ne, kuma a rubuce yake a takardar farashi. Kofi ko shayin da aka sha a tsaye gaban kanta ya fi na zaune araha, musamman a manyan dandali. Ku riƙe gorar ruwa, akwai famfunan sha kyauta a gari. 'Yan sane sun fi yawa a tasha da cikin bas da kan Ponte Vecchio, saboda haka jaka ta zauna a gaba, kuma ku ajiye hoton fasfo a waya. Kada ku sayi jabun jaka ko agogo daga masu shimfiɗa kaya a ƙasa, domin dokar Italiya tana cin mai saye tara shi ma. Ku sa takalmin da ƙafa ta saba da shi, daɓen dutsen nan ba ya raga wa sabon takalmi.

Mutanen Firenze sun yi shekara 140 kafin su kammala rufe majami'arsu, ba za ku ƙure garinsu cikin kwana uku ba. Ku ɗauki babban wuri ɗaya a kowace rana, ku tsaya a gabansa har ido ya ƙoshi, ku bar yamma don zama a bakin kogi. Abin da ya rage ku bar shi sai wata tafiyar, in Allah ya nufa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.