Olonka da Hannun Mai Koko

Idan mai sayar da koko a Zangon Kumasi ta je sayen gero, ba ta tsayawa kan cikar olonka, gwangwanin nan da ake awo da shi a kasuwannin Ghana. Sai ta tsoma hannu har ƙasan buhu, ta damƙo, ta murza, ta hura, wani lokaci ma ta jefa ƙwaya biyu a baki ta tauna. Olonka zai cika da tsaba, zai kuma cika da ƙaiƙayi da tsakuwa da geron da ƙwari suka rarake. A wurinsa duk cika ce. Ita kuwa tana lissafin abin da zai saura bayan an wanke an rege an kai injin niƙa.

Haka nake kallon yadda masana ke auna shuke-shuken unguwa. Yawancin awon daga sama ake yin sa. Taurarin ɗan'adam irin su Landsat na Amurka, da aka fara harbawa a 1972, da Sentinel-2 na Turai da ya biyo baya a 2015, suna ɗaukar hasken da ƙasa ke mayarwa sama. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da wani hasken da idon mutum ba ya gani. Daga bambancin biyun ake fitar da wani ma'auni mai suna NDVI, a shafa wa taswira launi: nan kore ne, nan ba kore ba. Hoton Landsat yana yanka ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, ya ba shi maki guda.

To, a ɗauki wannan awon a zo da shi tsakanin fadar Manhyia da Alabar da Aboabo da Asawase, inda rufin kwano ke manne da rufin kwano. Dogon yaro guda a ƙofar masallacin layi, ko da faɗin inuwarsa ya kai mita 10, bai cika kashi ɗaya cikin goma na gidan hoton ba. Kwanon da ke kewaye da shi zai rinjaye shi, taswira ta ce babu komai a wurin. Amma a tambayi mutanen layin. A ƙarƙashinsa dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, a nan ake kafa kujeru ranar suna, a nan mai wanzanci da mai gyaran takalma ke zama, a nan malam ke fito da almajirai da allunansu idan zafin watan Maris ya hana zaman ɗaki. Bishiya ɗaya ce ke ɗauke da rabin hidimar unguwa. Akwai kuma mangwaron da ya tsira a tsakar gidan haya bayan an shafe ko'ina da siminti, da ɗan lallen da wata Hajiya ta dasa a tsohon bokiti. Sentinel-2, da yake gidansa mita 10 ne, yakan kama wasu daga ciki, amma ba shi da hanyar sanin wane ne ke zama a ƙasansu.

Ƙaiƙayin kuwa yana shiga awo ba tare da wahala ba. Ciyawar da ta yi duhu a bakin rafin Aboabo, inda shara ke taruwa sauro ke ƙyanƙyasa, kore ce shar a hoton sama. Babu uwar da za ta tura ɗanta wasa can. Maƙabartar Tafo ma kore ce, haka filin wasan golf na Kumasi, haka lambun jami'ar KNUST. Filin shaƙatawa na Rattray, da aka buɗe a 2015 a Nhyiaeso, wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai mai son zuwa daga Zango zai biya kuɗin mota, ya kuma biya a ƙofa. Gidan namun daji na kusa da kasuwar Kejetia shi ma sai da tikiti. Idan aka tara waɗannan duka aka raba wa mazauna birni a takarda, kowa zai sami rabonsa na mita kaza, har da tsohuwar da ba ta da inuwar da za ta shanya jiki in ba ta bangon maƙwabci ba.

Duk da haka ba zan ce a jefar da awon ba, domin ido ma yana yaudara, kuma yaudararsa ta fi zafi saboda a hankali take shiga. Kumasi birni ne da sunansa ma daga bishiya ya samo asali, bishiyar kum da labarin Asante ya danganta da babban boka Okomfo Anokye. Tsarin birnin da masu zanen gine-gine Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a 1945 ya tanadi filaye da lambuna, kuma an daɗe ana yi masa kirari da birnin lambuna na Afirka ta Yamma. Kakannin Hausawan Zango ma itace ne ya jawo su kudu, wato goro, da aka riƙa bi ta Salaga ana kaiwa Kano. Yau ana sare bishiya ɗaya don a faɗaɗa shago, baɗi a sare wata don a ƙara ɗakin haya, babu ranar da za a nuna a ce a nan abin ya ɓaci. Yaron da aka haifa bayan an gama saran ba ya jin rashin komai, yana ganin haka unguwa take tun asali. Tsofaffin hotunan sama su ne ke iya ajiye masa shaidar cewa a da akwai duhuwa a inda yanzu ake ajiye motoci. Mai koko ma ba za ta yarda a sayar mata da gero da ka ba, sai an auna. Ta dai san ba a nan ciniki ke ƙarewa ba.

Wasu masanan sun fara matsowa kusa da hannu. Cecil Konijnendijk ya kawo wata ƙa'ida a 2021: mutum ya iya hango bishiya 3 daga gidansa, inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin ɗari na unguwarsa, kuma filin shaƙatawa kada ya wuce mita 300 daga ƙofarsa. Na fi son ta farkon, don kowa zai iya gwada ta da idonsa ba tare da kwamfuta ba. Ta ukun kuma tana buƙatar gyara a Zango, inda ba lallai mita 300 na taswira su zama mita 300 na ƙafa ba, idan akwai babban gwata ko titin da manyan motoci ke gudu a tsakani.

A 2021 gwamnatin Ghana ta ware ranar dashen itatuwa ta ƙasa, aka fara da burin miliyan 5. Abin yabo ne, amma lissafinsa na dashe ne da aka raba. A unguwar da awaki da tumaki ke yawo sake, dashen da ba a kewaye shi da bulo ko raga ba kwanansa kaɗan ne. Da hukumar birnin Kumasi da ta Asokore Mampong za su zauna da sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin mata kafin rabon, su bi layi-layi su rubuta bishiyoyin da ake zama a ƙasansu don a hana sare su, su kuma tambayi wace ƙofa ce ke da mai alkawarin ba da ruwa idan hunturu ya shigo, da ƙidayar shekara mai zuwa ta zama ta waɗanda suka rayu.