Ƙadangare Ɗaya Ko Huɗu?

A garin Pleasant Garden, wanda ke kudu da birnin Greensboro a jihar Carolina ta Arewa a ƙasar Amurka, akwai wani ɗan ƙadangare mai ruwan toka da yakan hau shinge ko kututture ya sha hantsi. Namijin yana da shuɗi a ciki da maƙogwaro. Masana ilmin halittu suna kiransa Sceloporus undulatus. Shekara da shekaru an ɗauka cewa shi da 'yan'uwansa, tun daga gaɓar tekun Atlantika har zuwa jihar Arizona, jinsi guda ne. Amma kuwa kama da wane ba ta wane.

A cikin 2002, Adam Leaché da Tod Reeder suka gwada sinadarin gado, watau DNA, na waɗannan ƙadangaru, suka nuna cewa zuriya huɗu ce dabam-dabam. Yanzu ana lasafta kowacce a matsayin jinsi mai zaman kansa. Na gabas, irin na Pleasant Garden, su suka riƙe sunan asali.

To, yaya ake gane haka? Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da kundin gado, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal. Idan dutse ko kogi ya raba zuriya gida biyu, kowane ɓangare yakan riƙa tara 'yan canje-canje nasa a cikin haruffan. Yawan bambancin shi ke nuna daɗewar rabuwa. Da, ɗan yanki kaɗan ake iya karantawa. A cikin 2011 ne aka fitar da cikakken kundin wani koren ƙadangare mai suna Anolis carolinensis, haruffa wajen miliyan 1,800, kuma shi ne na farko a cikin ƙadangaru da macizai. Na ƙadangaren shinge ya biyo baya a 2021.

Sai dai rabuwa ba ta hana sake haɗuwa. A gabashin Arizona, inda fakon ciyawa ya yi iyaka da dajin itatuwa, biyu daga cikin jinsunan nan suna barbara, 'ya'yansu suna ɗauke da gadon kowane ɓangare. Bahaushe ya san alfadari, ɗan jaki da goɗiya, wanda ba ya haihuwa. Ƙadangaru ba haka suke koyaushe ba. A jihar New Mexico akwai wani jinsi, Aspidoscelis neomexicanus, wanda ya samo asali daga barbarar jinsuna biyu. Dukansu mata ne, suna yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba.

Wannan bincike ya shafi Afirka ta Yamma ma. Shi Leaché, wanda ke Jami'ar Washington a Seattle, shi da abokan aikinsa sun nazarci dangin jan gwada, binciken kuwa ya ƙarfafa cewa abin da aka daɗe ana kira Agama agama rukuni ne na jinsuna masu kama da juna.

Amfanin wannan a fili yake. Hukumomi suna kāre dabba ne da sunanta. In jinsuna huɗu suka fake a ƙarƙashin suna ɗaya, guda zai iya ƙarewa sakamakon sare daji ko kiwo, littattafai kuwa suna nan suna cewa yana ko'ina.