Rashin Ƙaramin Tanderu Na Hana Maginan Tukwane Shiga Kasuwar Tangaran

Allah ya albarkaci Nijeriya da farin yumɓun da ake kira kawolin, musamman a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alƙaleri ta Jihar Bauchi, kuma shi ne ginshiƙin kayan tangaran. Duk da haka, akasarin farantai da kofunan tangaran da ke kasuwanninmu daga ƙetare ake shigo da su. Ga ƙaramin magini, ɗaya daga cikin manyan dalilan hakan shi ne wuta.

Gashin gargajiya na itace da ciyawa a fili ba ya kai digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali tangaran ba ya nuna sai zafi ya kai tsakanin digiri 1,200 da 1,400. In wuta ta gaza, kwano zai fito yana shan ruwa, ba ƙarfi, ba sheƙi.

Gashi da zafi mai tsanani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda aka yi amfani da tanderun itace. A can marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar Naira 20, ta kama aiki a 1954. Sai dai irin wannan tanderu yana bukatar fili da itace mai yawa, abin da maginin birni ba shi da shi.

Don haka wajibi ne mai neman ƙaramin tanderu ya fara duba iyakar zafin da aka rubuta a jikinsa. Da yawa daga cikin masu araha ba sa wuce digiri 1,100. Wanda ya dace shi ne mai kai aƙalla 1,300, domin tanderun da kullum ake kai shi maƙura, wayoyinsa kan ƙone da wuri.

Sai batun makamashi. Gashi ɗaya kan ɗauki awa 8 zuwa 12, kuma in aka ɗauke wuta ana tsaka da shi, aikin makonni na iya salwanta. Shi ya sa tanderun gas, wanda ake iya ginawa a gida da bulo mai jure wuta, ya fi dacewa da inda lantarki ba shi da tabbas.

Wanda jarinsa bai kai ba, ya fi masa ya haɗa kai da abokan sana'a su mallaki tanderu ɗaya mai inganci, maimakon ya sayi mai araha da ba zai gasa tangaran ba.