KYAMARA MARAR MADUBI: RIBARTA DA WAHALARTA GA MASU SANA'AR HOTO

Duk wanda ya saba zuwa taron manema labarai shekaru goma sha da suka wuce, ya san da zarar babban baƙo ya ɗaga hannu ko ya murmusa sai ɗakin ya kaure da ƙarar kyamarori, har wani lokaci na baya ba ya jin abin da ake faɗi. A yau wannan ƙara ta ragu ƙwarai, ba kuwa don masu ɗaukar hoto sun ragu ba. Abin da ya faru shi ne, manyan kamfanonin ƙasar Japan da ke ƙera kyamara sun cire wani ɗan madubi da ya shekara fiye da hamsin a cikinta, cire shin nan kuwa ya canja sana'ar fiye da yadda aka zata.

A tsohuwar kyamara ta ƙwararru, haske yakan shigo ta gilashin gaba ya faɗa kan madubi da ke a kishingiɗe, madubin ya cilla shi sama zuwa 'yar tagar da mai hoto ke sa ido. Idan ya danna sai madubin ya yi sama da sauri, labule ya buɗe, hasken ya sami fim, ko kuwa a zamanin nan ya sami sensa, watau ɗan allon da ya gaji fim wajen kama hoto. Tashin madubi da komowarsa da motsin labulen nan su ne ƙarar da ake ji. A sabuwar kyamara haske kai tsaye yake tafiya zuwa sensa, abin da mai hoto ke kallo ta taga kuwa wani ɗan mitsitsin talabijin ne da ke nuna masa abin da sensar ke gani.

Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai cikakken allo, watau wadda sensarta ta kai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, daidai girman hoto guda a jikin fim ɗin nan na milimita 35 wanda kyamarar Leica ta Jamus ta yayata tun 1925. Babban allo yana tara haske da yawa, saboda haka hoto ba ya dusashewa a wuri mai duhu-duhu, kana yana iya fito da amarya tangaran ya bar taron da ke bayanta a lulluɓe.

Kamfanin Sony ne ya fara fito da irin wannan kyamara ga jama'a a 2013, da A7 da A7R. Da fari manyan 'yan sana'a ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Sai a 2018 Nikon ya fito da Z6 da Z7, Canon kuma ya fito da EOS R. A watan Yuli na 2020 kamfanin dillancin labarai na Associated Press da ke Amurka ya ba da sanarwar cewa masu ɗaukar masa hoto da bidiyo a duk duniya za su koma amfani da Sony. A shekarar nan ce kuma Nikon ya fito da D6, Canon ya fito da EOS-1D X Mark III, daga su kuwa ba a sake ƙera wata babbar kyamara mai madubi a gidajen nan biyu ba.

Babbar ribar da aka samu ita ce shiru. Mai hoto yana iya aiki a fada lokacin naɗin sarauta, ko wajen ɗaurin aure ana tsakiyar addu'a, ba tare da kowa ya waiwayo ya harare shi ba. Mutumin da bai san ana ɗaukarsa ba kuwa, fuskarsa takan fito yadda Allah Ya yi ta, ba irin ta wanda ya ƙame gaban mai hoto ba.

Sai sauri. Tun 2017 Sony A9 ke ɗaukar hoto ashirin cikin sakan ɗaya, kuma tagar ba ta yin duhu tsakanin hoto da hoto yadda mai madubi ke yi duk sa'ad da madubinta ya tashi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahaya ranar hawan Daushe, sun sako dawaki a sukwane za su yi jinjina, shi ya san darajar wannan, gama ƙiftawar ido ɗaya ta isa a rasa hoton ranar. A 2021 Nikon ya fito da Z9 wadda babu labule a cikinta sam, a 2023 kuma Sony ya bayyana A9 III mai ɗaukar hoto 120 a sakan. Har ila yau kyamarorin nan suna gane idon mutum su bi shi duk inda ya juya, ko da yake sukan ruɗe idan amawali ko niƙabi ya rufe rabin fuska, ko kuwa fuskoki suka yi yawa, kyamara ta bar ango ta kama abokinsa. Bugu da ƙari, mai hoto yana ganin ko hoton zai yi duhu ko zai yi haske tun kafin ya danna, abin da mutanen da sai sun shiga ɗakin wanki suke sani. Bidiyonta ma ya isa aikin talabijin, har mutum ɗaya ya iya yin aikin da a da sai mutum biyu.

Amma fa kowace riba da abin da ta ci, abin takaici kuwa shi ne wahalolin nan sun fi tsanani a ƙasa irin Nijeriya.

Na farko batir. Tun da sensa da ɗan talabijin nan a kunne suke muddin ana leƙe, wuta suke sha ko ba a ɗauki kome ba. Bisa awon ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, Nikon D850 mai madubi tana ɗaukar hoto 1,840 da caji ɗaya, Z7 marar madubi kuwa 330, alhali kuwa ƙarfin sensarsu ɗaya ne. Lalle a wajen aiki akan wuce wannan adadi, kuma na baya-bayan nan sun fi na fari juriya, amma har yanzu mai madubi ce a gaba. Mai hoton da aka aika ƙauyen da babu lantarki ya kwana biyu, ko wanda unguwarsu ta yi kwana uku ba a kawo wuta ba, dole ne ya tanadi batir uku ko huɗu, kowanne kuwa kuɗi ne.

Na biyu ƙura, wadda ta fi batir ban haushi. A tsohuwar kyamara sensa tana can ciki bayan madubi da labule. A sabuwa kuwa tana bakin ƙofa: daga bakin kyamarar Nikon mai madubi zuwa sensa milimita 46.5 ne, a jerin Z kuwa 16 kacal. Da an cire gilashi za a sa wani, ga ta nan a fili. A cikin hunturu, sa'ad da hazo ya sauko daga Sahara, canja gilashi sau ɗaya a filin Idi ya isa ya bar ɗige-ɗige a kan duk hotunan da za a ɗauka bayansa, musamman inda sararin sama ya fito. Wasu kyamarorin Canon sukan saki labule idan an kashe su, Z9 kuma tana da marfi na musamman, amma da yawa ba su da ko ɗaya. Shi ya sa masu hankali ke kifa bakin kyamara ƙasa in za su canja gilashi, su shiga mota ko ɗaki, kuma ba sa rabuwa da 'yar robar nan mai hura iska. Wanda ya sa bakin riga ya goge sensa, ya jawo wa kansa asarar da ta fi ƙurar.

Zafi ma abin dubawa ne. Lokacin da EOS R5 ta fito a 2020, kamfanin Canon da kansa ya ce bidiyonta mafi girma ba ya wuce wajen minti ashirin take tsayawa ta huce, a ɗaki mai zafin digiri 23 ke nan. Daga baya an yi mata gyare-gyare, amma mai aiki a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, ya kamata ya tambaya kafin ya saya. Shirun nan da aka yaba shi ma yana da nasa aibi: ƙarƙashin wasu fitilun zamani na ɗakunan biki hoto yakan fito da ratsi-ratsi, abu mai gudu kuma ya fito a karkace, sai dai a 'yan kyamarori masu tsada da aka yi wa maganin haka.

Zancen rashin nauyi kuwa, wanda 'yan talla suka fi kururutawa, rabinsa ne gaskiya. Z7 ba ta kai giram 700 ba, D850 kuwa ta ɗan haura kilo ɗaya. Amma Z9 ta kai giram 1,340, kuma akwai gilashin Canon na milimita 28 zuwa 70 wanda shi kaɗai ya fi ta nauyi. Wuyan mai hoto bai huta ba.

Sa'an nan kuɗi. An fito da Z9 a kan dalar Amurka 5,500, Sony A1 kuma 6,500, ban da gilashi, ban da katin ajiya. Bayan da Gwamnati ta saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake saye wajen N460 a farashin hukuma ta haura N1,500 a 2024, watau gangar jikin Z9 kaɗai ta tasam ma fiye da naira miliyan takwas. Ga gidan jarida ko kamfanin fim wannan jari ne mai dawowa. Ga mai sutudiyo a Sabon Gari wanda yawancin aikinsa fasfo ne da hoton iyali, da wuya a ce ya yi dabara, gama mutumin da ke zaune a kujera ba ya bukatar hoto 120 a sakan, kuma tsofaffin kyamarori masu madubi da Turawa ke saki suna shigowa kasuwannin Ikko da Kano da rahusa.

Wanda ya ƙudura sai ya koma sabuwa, tsofaffin gilasansa ba su zama asara ba, domin akwai adafta da ke haɗa su da sabon baki. Na Canon da aka ƙera tun daga 1987 suna aiki da ita lafiya lau. Na Nikon kuwa sai an duba, gama akwai tsofaffi da ba su da inji a jikinsu, waɗanda a kan adaftar kamfanin ba sa daidaita hoto da kansu, sai mai su ya koma murɗawa da hannu.